Kicin Ɗin Da Ya Kusa Shekara Ɗari Bai Tsufa Ba



Kwanakin baya mun raka wata 'yar uwarmu ganin gidan da ƙanwarta za ta tare. Kafin a nuna mana falo ko uwar ɗaka sai aka ja mu kicin, domin nan ne abin alfaharin. Durowoyi ne sama da ƙasa, ja da baƙi, suna sheƙi kamar madubi, hannuwansu ruwan gwal. Kowa na sa albarka. Sai wata gwaggo ta tsaya a tsakiya, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta ce, "To ni 'yan nan, a ina za ta zauna ta tuƙa tuwo?" Aka yi dariya aka wuce.

Mu kam tambayar ta biyo mu har gida. Mun san abin da iyaye ke kashewa a kan kicin ɗin amarya a yau, mun san masu cin bashi dominsa, mun kuma ga yadda bayan shekara uku ko huɗu katakon ke kumbura saboda ruwa, launin ya fita yayi, a koma ana jin kunyar shigar da baƙuwa. Wannan ya sa muka bi sawun wannan fasali da duk muka ɗauka haka kicin yake tun asali: kanta a jikin bango, durowa sama da ƙasa, wurin wanke-wanke a gindin taga. Ashe yana da ranar haihuwa, yana da gari, akwai kuma wadda ta zana shi. Labarinta ne ya ba mu amsar abin da ke sa kicin ya daɗe bai tsufa ba.

KAFIN A FARA AUNA TAKU

A Turai ta ƙarni na 19 kicin iri biyu ne. A gidan mai hali yana can ƙurya ko ƙarƙashin ƙasa, 'yan aiki ne ke wahala a ciki, don haka babu wanda ya damu ko murhu ya yi nisa da ruwa. A gidan talaka kuwa ɗaki guda ne ake girki, a ci abinci, a yi wanki, a shanya, wani lokaci har a kwana, hayaƙi da tururi na bin kowa. Kayan kicin kowanne zaman kansa yake: tebur daban, kabad daban, murhu daban, duk inda aka samu wuri nan ake ajiyewa.

A Amurka aka fara tunanin gyara. A 1869 Catharine Beecher da 'yar uwarta Harriet Beecher Stowe suka fitar da littafi kan tafiyar da gida, inda suka ba da misali da madafin jirgin ruwa: wuri ne ƙanƙane, amma kuku yana ciyar da ɗaruruwan mutane domin komai na kusa da hannunsa. Bayan haka, a 1911, Frederick Taylor ya wallafa littafinsa kan yadda za a auna motsin ma'aikaci a masana'anta da agogo, a cire duk motsin da ba shi da amfani. Wata mata mai suna Christine Frederick ta ɗauki wannan dabara ta shigar da ita gida. A littafinta na 1913 ta zana hanyoyin da uwargida ke bi tsakanin murhu da tebur da kabad, ta nuna yadda sauya wa kaya wuri kawai zai rage mata zirga-zirga. An fassara littafin zuwa Jamusanci a farkon shekarun 1920, ya faɗa hannun wata matashiya 'yar ƙasar Ostiriya.

BUDURWAR DA BA TA IYA GIRKI BA

Sunanta Margarete Lihotzky, wadda bayan aurenta aka san ta da Schütte-Lihotzky. An haife ta a birnin Vienna a 1897, tana kuma cikin matan farko a ƙasarsu da suka karanci zanen gine-gine. Tun tana ɗaliba malaminta Oskar Strnad ya ba ta shawarar kafin ta ja layi ko ɗaya a kan gidajen ma'aikata, ta je unguwanninsu ta ga yadda suke rayuwa da idonta. Ta je, ta ga iyali guda cunkushe a ɗaki, ta ga tarin fuka na cin mutane. Wannan gani shi ya zama tushen duk aikinta.

A wancan lokaci Jamus na fitowa ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da kuma hauhawar farashin 1923 da ta mayar da kuɗin ƙasar takarda. Birnin Frankfurt na fama da ƙarancin gidaje. A 1925 magajin garin, Ludwig Landmann, ya ɗauko wani mai zanen gine-gine, Ernst May, ya damƙa masa aikin gina dubban gidaje masu sauƙin haya. Shi kuma May ya gayyato Margarete a 1926, ya ba ta ɓangaren kicin.

Abin da ke gabanta a fili yake. Gidajen ƙanana ne, kowane taku na ƙasa kuɗi ne. Matan da za su shiga ba su da 'yan aiki, da yawansu ma suna fita aiki su dawo su ɗora tukunya. Ita kuma, kamar yadda ta faɗa da bakinta daga baya, ba ta taɓa riƙe gida ko yin girki ba kafin wannan aiki. Da wani ne da ya rufe ƙofa ya zana abin da ya ga ya yi masa kyau. Ita sai ta ɗauki agogo da abin awo, ta riƙa kallon mata suna aiki, tana lissafa taku da daƙiƙa, tana yi musu tambayoyi. Ta kuma nazarci madafin taragon cin abinci na jirgin ƙasa, inda mutum biyu ke dafa wa fasinjoji masu yawa a wurin da bai fi lungu ba.

ABIN DA TA ZANA

Ɗakin da ta fitar faɗinsa mita 1.9 ne, tsawonsa mita 3.4. Idan ka shiga, taga na fuskantarka a ƙarshen ɗakin, a gindinta kuma teburin aiki ne, domin mai yanka da gyaran kayan miya ta samu haske. An yi teburin daidai zama, ga kujera mai juyawa da ake ɗagawa ko a sauke, saboda Margarete ta lura yawancin aikin ba ya buƙatar tsayuwa. A gefen teburin akwai wata 'yar kafa da ake tura ɓawo da dattin kayan miya su faɗa cikin durowa, in an gama a zare a zubar.

A hannu guda ga wurin wanke-wanke, a samansa ga ma'ajin faranti da ruwa ke tsiyayewa da kansa, ba sai an goge ba. A ɗaya hannun ga murhu, a kusa da shi wani akwati mai riƙe zafi: a tafasa abinci a saka tukunyar a ciki a rufe, ya ƙarasa dahuwa ba tare da wuta ba, matar ta tafi aikinta. Katakon guga yana manne a bango, a sauke shi in ana so, a mayar in an gama. Fitilar sama tana kan wani ƙarfe, ana jan ta zuwa inda ake aiki.

Sai abin da ya fi shahara: jerin 'yan durowoyin alminiyam masu hannu da baki, kowacce da sunan abin da ke ciki, shinkafa, sukari da sauransu. A zaro ta a tsiyaya kai tsaye cikin tukunya, babu buɗe murfi, babu neman cokali. Ma'ajin fulawa da katakon da ake kira oak aka yi shi domin ƙwarin gari ba sa son sa, inda ake yanka kuma da wani katako mai tauri da ke jure wuƙa da tabo. Ko fenti ba don ado aka zaɓe shi ba: shuɗi mai ratsin kore aka fi shafawa saboda a lokacin an yi amannar ƙuda ba ya son sauka a kansa. Tsakanin kicin da ɗakin cin abinci kuma ƙofa ce mai zamewa, domin uwa ta riƙa hango yara.

Mu lura da abu guda. A duk jerin nan babu wani abu da aka sa domin baƙo ya gani ya yaba. Kowane katako da kowane ƙarfe amsa ce ga wata wahala da aka ga mace tana sha. An yi irin wannan kicin kusan 10,000 a gidajen Frankfurt kafin 1930, ana ƙera sassansa da yawa lokaci guda domin ya yi araha, ana kuma ƙara kuɗinsa kaɗan-kaɗan a cikin haya.

INDA AWON YA GAZA

Kada mu ɗauka kowa ya yi murna. Matan da suka saba girki a ɗakin da kowa ke zaune sun ji an kulle su su kaɗai a lungu. Wurin mutum ɗaya ne, ko 'yarka ba za ta tsaya ta taya ki ba sai kun yi karo. 'Yan durowoyin nan suna ƙasa-ƙasa, yara ƙanana na kaiwa gare su. Sunayen da aka buga a jikinsu ma ba kowa ya bi ba, mai gida ta zuba abin da take amfani da shi, ko da rubutun ya ce wani abu daban. Bayan shekaru, a wajajen 1970, masu fafutukar 'yancin mata suka soki tsarin da cewa ya ƙara ɗaure mace ga aikin gida ita kaɗai.

Idan muka duba, duk inda kicin ɗin ya ci nasara wuri ne da aka auna aikin da ake yi da gaske. Inda ya gaza kuwa wuri ne da mai zane ta yanke wa mutane yadda ya kamata su rayu. Takun ƙafa an auna shi da agogo, amma hira da taya juna aiki da ɗan da ke riƙe da zanin uwarsa ba su shiga lissafi ba.

Duk da haka fasalin ya bazu. A Amurka, Lillian Gilbreth, injiniya kuma uwar 'ya'ya 12, ta nuna nata tsarin a 1929, wanda aka gina a kan rage taku tsakanin wuraren aiki. A shekarun 1940 masu bincike a Jami'ar Illinois suka daidaita abin da har yau ake koya wa masu zanen kicin: murhu, wurin ruwa da firji su zama kamar duwatsun murhu uku, kada su yi nisa da juna, kada kuma hanyar wucewa ta ratsa tsakaninsu. Daga baya masana'antu suka tsaya a kan awo kusan guda, kanta mai tsayin kimanin santimita 90 da zurfin 60. Kafintan da ya yi wa amaryarmu aiki da wannan awon ya yi, ko ya san tarihinsa ko bai sani ba.

RANAR DA AKA YI GARDAMA A KICIN

To daga ina yayi ya shigo? A ranar 24 ga Yuli, 1959, aka buɗe baje kolin kayan Amurka a birnin Mosko. Mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev suka tsaya a gaban wani kicin na gwaji mai cike da na'urori, gardama ta kaure. Khrushchev ya yi gorin cewa Amurkawa na gina gidan da ba zai wuce shekara 20 ba domin magina su sake sayar da wani, alhali su suna gini ne domin 'ya'ya da jikoki. Nixon ya mayar masa da cewa gidajensu na wuce haka, sai dai bayan shekara 20 Ba'amurke kan so sabon gida ko sabon kicin, saboda na da ya zama tsohon yayi.

Wannan amsa ta Nixon ita ce ta fallasa kasuwar. Tun da fasalin ya riga ya zauna, abin da ya rage wa mai sayarwa shi ne ya riƙa sauya masa riga. A shekarun 1950 ruwan hoda da shuɗi mai haske ake yayi. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 aka koma kore irin na fiya da rawaya mai duhu, har firji da murhu launinsu ke nan. Leda mai tauri ta kamfanin Formica, wadda iyayenmu suka sani a jikin gado da kabad, ta rufe kowace kanta. Kowanne a lokacinsa shi ne ƙarshen wayewa, yau kuma da an ga hotonsa za a faɗi shekarar da aka yi shi. A wannan guguwa ce aka ɓalle yawancin kicin ɗin Frankfurt aka zubar. Kaɗan da suka tsira yanzu suna gidajen adana kayan tarihi, har da MoMA a New York da V&A a Landan. Mai kallonsu a yau zai ga tsufan katako, amma tsarin ɗakin ba zai yi masa baƙo ba, domin shi ne na gidansa.

Akwai wani misali da ya girmi Frankfurt. A 1774 wata mata mai suna Ann Lee ta bar Ingila da mabiyanta kaɗan zuwa Amurka, suka kafa ƙungiyar addini da ake kira Shakers. A aƙidarsu ado marar amfani nau'in alfahari ne, aiki mai kyau kuma ibada ne. Kafintocinsu suka riƙa yin ƙofar kabad da katako huɗu a gefe da allo shafaffe a tsakiya, babu sassaƙa, babu lungun da ƙura za ta maƙale. Da yake ba sa aure, ƙungiyar ta ƙanƙance har saura mutane ƙalilan a jihar Maine. Amma ƙofar nan tasu har gobe tana cikin waɗanda aka fi saye a Turai da Amurka, da sunansu ma ake kiran ta. Ba ta taɓa shiga yayi da ƙarfi ba, shi ya sa ba ta da yayin da za ta fita daga cikinsa.

MU DAWO GA TAMBAYAR GWAGGO

Margarete ta auna matar Frankfurt ce ta 1926, mai dafa wa mutum huɗu ko biyar dankali da miya a ƙaramar tukunya. Mu kuma mun ɗauko sakamakon awonta mun dasa a gidajenmu, ba mu ɗauko awon ba. Tuwon gidan mutum goma sha biyar ba a tuƙa shi a tsaye a kan kanta mai tsayin santimita 90. Sai an sauke tukunya ƙasa, an zauna a kujera 'yar tsugunno, an samu inda za a dafe ta, sannan muciya ta yi aiki. Turmi na son daɓe mai ƙarfi, tayil mai santsi fashewa zai yi. Buhun masara da na shinkafa da jarkar manja ba sa shiga durowar da aka yi domin gwangwani. Wanke-wankenmu na son ruwa da yawa, katakon da aka matse daga garin katako kuwa da ya sha ruwa ya gama yawo. Ga suya, ga daddawa, ga hayaƙi, duk suna neman taga babba. Ga shi kuma mu ba mu cika girki mu kaɗai ba, wanda shi ne ainihin kukan da matan Frankfurt suka yi.

Wannan ne ya sa a gidaje da yawa za ka tarar da kicin biyu: na ciki mai sheƙi inda ake dafa shayi da taliyar yara, da na tsakar gida inda ake girkin gaske da gawayi ko itace. An kashe kuɗin a na farko, ana shan wahalar a na biyu, sau da yawa ko rumfar kirki babu.

Abin mamaki, madafin kakanninmu ya fi kusa da tunanin Margarete fiye da kicin ɗin amaryarmu. Duwatsu uku ba sa girgiɗi ko ƙasa ba ta daidaita ba, suna karɓar ƙaramar tukunya da babba, a matso su ko a buɗa. Randa na gefe a inuwa, ragaya na rataye da ƙwarya inda kaza da yaro ba sa kaiwa, maburgi da mara na soke a inda hannu zai same su ba tare da an tashi ba. Babu wanda ya riƙe agogo, amma shekaru aru-aru na girki sun yi awon. Aibinsa hayaƙi ne da ke cin ido da ƙirji, da yawan duƙawa, kuma waɗannan su ya kamata zamani ya gyara mana.

Saboda haka duk wanda zai gina kicin ko zai yi wa 'ya ko ƙanwa, kafin ya je wurin kafinta da hoton da ya gani a waya, ya yi abin da Strnad ya sa ɗalibarsa ta yi. Ya zauna yini guda ya kalli mai girkin gidan. Sau nawa ta tashi ɗebo ruwa? A ina take zama? Mutum nawa ke taya ta? Ina buhu zai zauna, ina turmi zai tsaya, ta ina hayaƙi zai fita? Kuɗin ya tafi ga abin da ba a sauyawa cikin sauƙi: taga, hanyar ruwa, daɓe, kanta ta siminti ko dutse, katako na gaske. Launin ya zama mai sanyi wanda ido ba ya gajiya da shi. In ana son yayi a sa shi a labule da kwanuka da fentin bango, waɗanda in sun gundure ka ba sai ka ci bashi za ka rabu da su ba.

Ita Margarete rayuwarta ba ta tsaya a kicin ba. Ta bi Ernst May zuwa Tarayyar Sobiyet a 1930, ta zana makarantu da gidajen renon yara, ta koma Istanbul a 1938. A ƙarshen 1940 ta koma Vienna da ƙafarta domin taimaka wa masu adawa da mulkin Nazi a ɓoye. Aka kama ta a farkon 1941, aka yanke mata shekara 15, ba ta fito ba sai da yaƙi ya zo ƙarshe a 1945. Ta rasu a watan Janairun 2000, saura kwana biyar ta cika shekara 103. A tsufanta takan yi ƙorafin cewa da ta san ba za a riƙa tambayarta komai ba sai kicin ɗin nan, da ba ta zana shi ba.

Amaryarmu dai ta tare. Da muka koma gaishe ta, mun tarar an sayo ƙaramin murhun gawayi an ajiye a bayan ƙofar baya, ga kujera 'yar tsugunno a gefensa. Gwaggo ce ta aiko da kujerar.

'Yan uwa, musamman mata da ke cikinmu, ku faɗa mana: a kicin ɗin gidanku, wane abu ne guda da kuke fatan da an tambaye ku kafin a gina shi? Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.